Zuwa ga abokan cinikinmu, kan jinkirin odar wayoyin mota

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu,

Mun san da yawanku kun kira har kun gaji, wasu ma sun daina kiran, kuma wallahi shirun nan ya fi faɗan damunmu. Odar wayoyin da muka yi muku alkawari ta makara, dan Allah ku tsaya ku ji yadda abin yake.

Aikinmu guda ɗaya ne kuma kun san shi, mu yanka waya daidai awo, mu matse mata kai, mu naɗe, mu ɗora a allon gwaji mu tabbatar kowane layi yana kai wuta inda ya kamata. Nan hannunmu ya faɗa. Amma soket ɗin roba da ƙananan fil ɗin ƙarfe da ke shiga cikinsa ba mu muke ƙera su ba, ba mu taɓa cewa muna yi ba, akwai kamfanin da ke kawo mana, shi kuma yana jiran mai kawo masa roba, kwantenar kuma jirgin da ya ɗauko ta ya kauce wa Bahar Maliya ya zagayo ta ƙasan Afirka, sai lokaci ya ƙara tsawo. Yanzu haka wayar jan ƙarfe tana nan jibge a sito, ma'aikata suna nan, soket iri biyu kawai suka tsayar da komai, kuma ba a sa wani a madadinsa tunda injiniyoyinku wannan suka gwada suka amince da shi.

Ba mu kaɗai abin nan ya taɓa samu ba. A 2022 da yaƙin Yukren ya tsayar da masana'antun haɗa waya na can, Volkswagen da BMW sai da suka dakatar da aiki a Jamus. A farkon 2024 Tesla, mai ƙera motocin lantarki, ta tsayar da yawancin aikin masana'antarta da ke kusa da Berlin kusan sati biyu saboda hare-haren da aka riƙa kai wa jiragen ruwa a Bahar Maliya. Tsarin kawo kaya daidai lokacin buƙata da Toyota ta yi suna da shi yana rage kuɗin ajiya, amma ranar da abu ɗaya ya makale kowa sai ya ji a jikinsa. In manya sun tsaya ina ga mu. Shi ya sa maganar da muka ji ana yi wai mun kasa ta yi mana ciwo gaskiya.

Muna bakin ƙoƙarinmu, muna magana da mutane, in sha Allah za ku ji daga gare mu.

Akwai waɗanda tun mahaifinmu na da rai suke ba mu oda, akwai wanda ya fara gwada mu muna da teburi biyu kacal, bai taɓa dawo mana da waya ko ɗaya ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Duk wanda ya fara tunanin kai odarsa wani waje, dan girman Allah ya kira mu tukuna mu zauna.

Naku,
Shugaban kamfani da duka ma'aikata