Sanarwa kan ziyarar bakin Kogin Haɗeja ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Mota za ta tashi daga ƙofar gidan Mai Unguwa ƙarfe 6:30 na safe, bayan sallar Asuba.

Mun zaɓi Disamba ne saboda ruwa ya ja. A watannin Agusta da Satumba, lokacin da ruwan sama ya haɗu da wanda ke fitowa daga madatsun Tiga da Challawa, gaɓar kan cika har jinga, ƙasa na zaftarewa ƙarƙashin ƙafa. Yanzu kuma tsuntsayen da ke zuwa daga Turai sun sauka fadama, da sanyin safiya ake ganinsu sosai.

A kula da katakon da masu kwalekwale ke shimfiɗawa a mashiga. Gansakuka na sa shi santsi, ƙusoshi kan fito. A taka tsakiyarsa, mutum ɗaya bayan ɗaya, kuma a bar silifas a gida, a sa takalmi mai kama ƙasa. Wanda zai shiga kwalekwale ya sa rigar kariya daga nutsewa, kada a ƙara ko mutum ɗaya kan adadin da matuƙi ya faɗa.

Iyaye mata, don Allah kada yaro ya shiga ruwa, ko da iya gwiwa ne. Wurin da ruwa ke kwance cikin ciyawar kachala akwai dodon koɗi mai ɗauke da ƙwayar tsargiya, ta fata take shiga, sai bayan makonni a ga jini a fitsari.

Kowa ya riƙe ruwan sha lita 2 da rigar sanyi. Za mu juyo kafin La'asar.