Godiya ga Comédie-Française, gidan Molière

Zuwa ga shugabanni, 'yan wasa da ma'aikatan gidan wasan kwaikwayo na Comédie-Française, birnin Faris.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri.

Ni ɗan Damagaram ne da karatu ya kawo Faransa. A lise (makarantar sakandare) muka karanta L'Avare, wasan kwaikwayo na marubucin Faransa Molière, labarin marowacin nan Harpagon, mu huɗu a kan littafi ɗaya da ya sha hannu har bangonsa ya fita. Haddace shi muka yi saboda jarrabawa. Ban tuna ranar da wani ya yi dariya a ajin ba.

Daren da na fara zuwa zaurenku na Richelieu don kallon L'Avare, abin da ke aljihuna bai kai kuɗin tikiti ba. Wani aboki ne ya nuna mini 'yar tagar da ke gefen ginin, inda kuke sayar da wasu kujeru a kan yuro 5, saura awa guda a fara wasa. Na bi layi cikin sanyi, hannu a hammata. Kujerar da na samu tana can sama a lungu, sai na miƙa wuya nake ganin rabin dandalin. Amma da Harpagon ya tarar an tone akwatin kuɗin da ya binne a lambu, ya fito yana kururuwar ɓarawo, har mu 'yan kallo yana tuhumarmu, na yi dariya har da hawaye. Ashe maganar da muka haddace a bushe tana da rai haka!

A lokacin hutu na tsaya gaban kujerar nan da kuka adana cikin gilas, fatarta duk ta tsattsage. A kanta Molière ya yi wasansa na ƙarshe ranar 17 ga Fabrairun 1673, kuma a daren ya cika. Bayan shekara bakwai, a 1680, Sarki Louis na 14 ya haɗe ƙungiyoyin wasa biyu na Faris suka zama wannan gida. Sarauta ta faɗi, an yi juyin juya hali, an yi yaƙe-yaƙe, ga shi har yau manya na miƙa wa ƙanana sana'ar hannu da hannu. Tambarinku na amyar zuma ya dace da ku.

Na kuma ji daɗi da na san Bakary Sangaré, ɗan wasa daga maƙwabciyarmu Mali, ya shigo cikinku a 2002, ya zama cikakken ɗan ƙungiya a 2013.

Godiyata ta musamman ga baiwar Allahn da ke tagar a daren. Ta ga ina ƙirga silalla hannu na rawa, ta jira ni ba tare da ta ɓata rai ba, ta kuma kwatanta mini matakalar da zan hau. Roƙona ɗaya, don Allah kada ku rufe wannan taga. Ƙanena na nan zuwa karatu baɗi, kuma na yi masa alkawarin kawo shi.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani ɗalibi ɗan Damagaram, mazaunin Faris