A bar ƴan lakwal su yi gardama a kan littafi da Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirin da kuka yi na jin ra'ayoyin masu sauraro game da tsofaffin littattafan da ake ɗora wa ƴan lakwal. Na koyar da Faransanci a kwaleji da lise nan jihar Maradi har na yi ritaya, don haka ina da ta cewa.

Dattawan da suka kira sun ce yaran yanzu ba sa karatu, waya ta cinye su. Wannan magana ban yarda da ita ba. Ku leƙa wayar ƴan matan gidajenmu, za ku tarar da littattafan soyayya na Hausa ana tura su shafi-shafi ta WhatsApp, wata ta kwana a kan labari guda har cajinta ya ƙare. Kafin zuwan waya ma, ƴan kasuwa na shigo da irinsu daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa, ana ba da haya. Yarinyar da ta iya wannan ba za a ce ta ƙi karatu ba. Littafin aji ne ta ƙi, kuma ya kamata mu tambayi dalili.

Wata ɗaliba ta ba da nata dalilin a shirin: littafin da aka ba ta, shi aka ba mahaifinta, sun tsufa. Gaskiya ne sun daɗe. L'Enfant noir na Kamara Laye ya fito a 1953, L'Aventure ambiguë na Shaihu Hamidu Kan a 1961, Une si longue lettre na Mariyama Ba a 1979. Amma ƴata, tsufa ba shi ne ciwon ba. Ki ratsa ta ƙofar zauren kowane malami a unguwar Mokoyo ko Bagalam bayan sallar asuba. Risala suke karantawa, wadda mai ita, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya rasu sama da shekara dubu da ta wuce, ga Ahalari ga Ishmawi a hannun ƙanana, kuma ba wanda ya taɓa cewa a sauya su don sun tsufa. Malam yana jan baƙi ne jimla-jimla yana fassarawa da Hausa, almajiri ya tsayar da shi ya yi tambaya, wani daga gefe ya kawo mas'alar da ta same shi a kasuwa jiya. Littafin na Larabci ne, amma fahimtar da Hausa ake yin ta, kuma ba a tsallake shafi.

A lakwal fa? Littafi guda ne a hannun mushe, wato malamin aji, wataƙila da biyu ko uku cikin aji mai cike maƙil. Sauran yara sai su je wurin mai fotokofi na bakin makaranta su sayi taƙaitawa mai ƴan shafuka: sunan marubuci, shekarar haihuwarsa, jerin mutanen labari, da darussan da za a rubuta ranar jarrabawa. Su haddace, su zuba a takarda, su samu maki. Na gyara takardun da yaro ya rubuta shafi biyu a kan Samba Jallo, tauraron littafin Hamidu Kan, alhali bai taɓa buɗe littafin ba. Ban ga laifinsa sosai ba. Faransancin Hamidu Kan mai nauyi ne ko ga babba, balle yaron da ba ya jin harshen sai cikin aji. Abin takaicin shi ne labarin nasa ne: yaro da aka ɗauke daga gaban malamin allo aka kai boko, dangi suna ta shawara ko abin da zai samu ya kai abin da zai rasa. Wane gida ne a Maradi ba a yi wannan shawara ba?

Akwai abin da nakan yi a ɓoye, don a lokacin ba a son jin Hausa cikin aji. In muka kai inda Ramatulayi ta littafin Mariyama Ba, tana cikin takaba, take ba ƙawarta Aisatu labarin yadda mijinta ya auro ƙawar ƴarsu bayan shekarun da suka yi tare, sai in yi tambaya da Faransanci. Shiru. Hannu biyu, kullum su ɗin ne. Sai in rufe ƙofa in ce to, minti goma, kowa ya faɗi da Hausa: wa ta yi daidai, wadda ta zauna ko Aisatu da ta kwashe ƴaƴanta ta fita? Nan take aji ya kaure. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta miƙe ta ce zaman Ramatulayi ba haƙuri ba ne, ƴaƴa goma sha biyu ina za ta kai su? Wani yaro ya ce uwar amaryar ce babbar mai laifi, ita ta ga mota da gida ta tura ƴarta. Bayan haka in na ce a rubuta da Faransanci, rubutun yakan fito da kurakurai, amma da magana a ciki. Har wasu su zo aron littafin su kai gida.

Yanzu ba sauran dalilin ɓoyewa. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a firamare a Damagaram, kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Roƙona ga masu tsara manhaja shi ne a ba malami izini a rubuce ya buɗe muhawarar littafi da harshen da yaransa ke ji. Mu nan Hausa ce, a Tilaberi Zabarmanci, a Difa Barbarci, kowa da nasa.

Sannan a sa littattafan Hausa su kansu cikin jerin. Abin kunya ne ɗan Maradi ya ci bak, jarrabawar ƙarshen lise, bai taɓa riƙe Magana Jari Ce ba, alhali takwaransa na Katsina, wanda kakanninsu ɗaya, a aji yake karanta shi. Abubakar Imam ya rubuta shi a ƙarshen shekarun 1930, bayan Ruwan Bagaja da ya fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Hausar ciki har yau ba ta yi tsami ba, kuma dabarar akun nan da ke riƙe ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri ta isa a koyar da yadda ake gina labari da ita. In wuri ya yi kaɗan, a rage wasannin kwaikwayon Faransa na ƙarni na 17 da aka sa mu haddace baitocinsu a zamaninmu. Ni dai ba zan yi kukansu ba.

Sarraounia na Abdullahi Mamani, wanda ya fito a 1980, shi kam kowane ɗan lise ya kamata ya karanta shi daga bango zuwa bango. Rundunar hafsoshin Faransa Bule da Shanuwan da ta yaƙi Lugu, garin Sarauniyar, a 1899 ta ƙasarmu ta biyo tana ƙone garuruwa, kuma a watan Yuli na shekarar sojojinsu suka kashe su a Maijirgi, gaba da Tasawa kaɗan, inda kaburburansu suke. Littafin ƙagaggen labari ne, marubucin ya ƙara gishirinsa. To a sa yara su je su tambayi tsofaffin garuruwansu abin da suka ji daga iyayensu, su dawo a gwada da abin da ke takarda.

Ku ma gidan rediyo kuna da naku rabon. Tunda littafin ya yi wa iyaye da yawa tsada, ku ware rabin awa a mako, mai murya mai daɗi ya karanta babi guda, a fassara inda ya kamata, sannan a buɗe layi ɗalibai su kira. In kuna neman wanda zai riƙa zuwa yana taya ku, akwai mu tsofaffin malamai da yawa a gari, zaune muke.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Tsohon malamin lise, unguwar Zariya, Maradi