Yaran aji ɗaya zuwa uku a makarantun Katolika: a rage masu kaya, a bar su da Hausarsu

Ranka ya daɗe Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da Fada-Fada da Sistocinmu masu riƙe da firamaren Katolika a nan Kaduna da kewaye, a kan abin da ake koya wa yara daga aji ɗaya zuwa uku. Ni 'yar Katolika ce kuma yarana can suke, don haka gyara kayanka ne.

Gaskiya ta fannin tarbiyya ba ni da ƙorafi. Yaro ya san lokacin asambuli, ya san gaida manya, malamai na zuwa aji a kan lokaci, shi ya sa har maƙwabtanmu Musulmi ke kai 'ya'yansu duk da tsadar kuɗin makaranta. Sunan nan ba yau aka yi shi ba, tun zuwan Fada-Fadan ƙungiyar mishan ta SMA garin Shendam a 1907 coci da makaranta tare suke tafiya, ga Queen of Apostles ta Kakuri da Sistocin ƙungiyar mishan ta OLA suka buɗe a 1940, wadda ta koma Queen Amina bayan gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970, kamar yadda St. John's ta koma Rimi College.

Inda nake da magana shi ne kayan da ake ɗora wa ɗan shekara shida. Manhajar da gwamnatin tarayya ta fitar a 2025 ta ce darussa tara zuwa goma ne a aji ɗaya zuwa uku: Turanci, lissafi, harshen gida ɗaya, kimiyya, tarihin Najeriya, addini da sauransu. Ko wannan ɗin ma ni a ganina ya yi yawa, amma sai ka duba lis ɗin littattafan da ake ba mu farkon zango ka ga an ƙara Faransanci, an ƙara kwamfuta, an ƙara darasin gyaran lafazi wai don yaro ya yi magana kamar Bature, kowanne da littafinsa da na aikin gida, kuma dole a makaranta za ka saya. Yarinyata ta aji biyu in ta goya jakarta sai ka ce mai dakon kaya a Kasuwar Barci. Da yamma kuma aikin gida shafi-shafi, rabinsa mu iyaye ne ke yi in za a faɗi gaskiya, malama ta sa maki, kowa ya yi shiru.

Duk wannan da sauƙi a kan maganar karatu kanta. Yaran nan suna karanta Turanci tar-tar, murya sama, amma ka ce to me aka ce a ciki sai ido. Hadda ce kawai. Dalilin kuma a fili yake, an haɗa wa yaro aiki biyu lokaci guda, yana koyon yadda harafi ke zama sauti kuma yana koyon yaren da ba a yi da shi a gidansu, ga Turanci yadda ake rubuta shi daban yadda ake faɗa daban. Hausa kuwa wasali biyar ne, ba be bi bo bu, abin da ka rubuta shi za ka faɗa, yaro na haɗa "ba" da "ba" ya ga Baba ya fito, ya san wane ne Baba, shi kenan ya gane sirrin karatu, in ya koma Turanci sabbin kalmomi kaɗai suka rage masa. An gwada wannan a ƙasar nan, Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970 da Yarbanci shekara shida, yaran ba su gaza a Turanci ba, an kuma yi shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da Hausa.

Na san za a ce ai gwamnati ta janye. E, tsarin ilimi na 1977 ya ce a koyar da harshen gida a shekarun farko, a 2022 zamanin ministan ilimi Adamu Adamu aka ce har aji shida, sai a Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya ce an soke a koma Turanci. To amma ko a sabuwar manhajar darasin harshen gida yana nan, ba a cire shi ba, kuma babu inda aka ce a ci tarar yaro ko a sa shi durƙuso don ya yi "banakula", wato yaren gida. A makarantar yarana Hausa na kan jadawali, amma duk ranar da ake gwajin waƙa ko fareti lokacinta ake cinyewa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne coci ɗin da ke da makarantar shi ne ke yin Mas da Hausa ranar Lahadi. Katikis, wato malamin addini na coci, da Hausa yake koya wa yaran nan alamar gicciye, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da Hausa suke "A gaishe ki Maryamu", 'yan Zumuntar Mata da Hausa muke waƙa har Fada na rausayawa. Wato Fada ya yarda addu'a sai da yaren da yaro ke ji take shiga zuciya, amma ranar Litinin biyu a tara da uku sai da Turanci?

Akwai masu cewa ajin ya haɗa Bajju da Atyap da Gbagyi da Ibo da Tibi, me ya sa sai Hausa, kuma wasu 'yan'uwanmu na kudancin Kaduna suna jin haushin yadda Hausa ke danne yarukansu. Suna da gaskiyarsu, inda yawancin aji Jju, yaren Bajju, suke ji ko Tyap na Atyap a yi da shi, ba ni da ja. Amma a cikin garin Kaduna ka tsaya bakin get lokacin tashi ka saurara da wane yare yaran ke faɗa a kan alawa.

Roƙona ga ofishin ilimi na dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, kaɗan ne. A aji ɗaya da biyu a ba karatu da rubutu da lissafi safiya gaba ɗaya, Faransanci da gyaran lafazi su jira aji huɗu ba inda za su gudu. A bar malama ta yi bayani da Hausa in ta ga yara sun ɓace, a daina tarar banakula, a samo wanda ya karanci Hausa a kwalejin ilimi ya riƙe darasin, don yanzu duk malamin da ba shi da aji a lokacin shi ake turawa. Sannan a taron iyaye da malamai na gaba a sa wannan magana a ajanda kafin maganar kuɗin bas da sabon yunifom, don in aka fara ta kuɗi har a tashi ba a komawa kan wani abu.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Wata uwa, daga Kaduna ta Kudu