Ƙofar da baƙonku ya ce a buɗe take

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da baƙonku na ranar Asabar ya ce wai ƙofar wasannin kwaikwayonsu a buɗe take ga kowa, saura kaɗan in kashe rediyon. Mai gabatarwa kuma ya yi gum, ya bar shi ya sha da ita.

Ni a keken guragu nake. Watan jiya na yanki tikitin wasan kwaikwayo da kuɗina, na isa da wuri, sai ga matakala tara ta tare ni. Aka kira samari huɗu suka cicciɓe ni da keken kamar buhu, ɗaya yana ta "riƙe can, zai suɓuce!" Jama'a sun yi cirko-cirko, wata har da ɗaga waya. Na zo kallo, ni aka fara kalla. A ciki aka ajiye ni can baya jikin ƙofa, inda mutum ɗaya in ya miƙe, sai ƙeyarsa zan gani. Banɗaki kuwa ƙofarsa ba ta cin keke. Dama na zaci haka, shi ya sa tun safe ko ruwa ban kurɓa ba. Baƙon naku ya taɓa ƙin shan ruwa don zai je kallon wasa?

Daga baya aka nuna min wani katako da suka jingina a ƙofar gefe, wai ai ga hanyarmu. Gangarar kirki, in tudu taku 1 ne, tsawonta taku 12 ne. Tasu ko mai ƙafa biyu sai ya dafa bango.

Kuma ba alfarma muke roƙo ba. Sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu ya ambaci gidajen wasan kwaikwayo, da na tarihi, da silima, da ɗakunan karatu ƙarara. Minti arba'in kuna magana a kanmu, ba gurgu, ba makaho, ba kurma ko ɗaya a teburin. Ku sake shirin, ku kira mu.

 

Naku,
Wani mai sauraro