A bar wa tsofaffin motocin tsere fitilun zamaninsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato yadda masu farfaɗo da tsofaffin motocin tsere suke kashe dukiya da lokaci a kan inji da fenti, amma idan aka zo kan fitilun ƙari da ake ɗaurawa a gaban mota sai su maƙala duk wadda ta zo hannu. Kwanakin baya na ga hoton wata mota ƙirar shekarun 1960 wadda aka gyara tsaf, sai ga doguwar sandar fitilar LED a saman bambarta, tana fitar da farin haske mai kashe ido wanda babu direban wancan zamani da ya taɓa tuƙi da irinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin a ganina an raba motar da wani yanki na tarihinta.

Wanda yake ganin fitila ƙaramin abu ce, to ya tuna da abin da ya faru a tseren Monte Karlo na 1966. Motocin Mini Cooper S uku ne suka zo na ɗaya da na biyu da na uku, a hannun Timo Mäkinen da Rauno Aaltonen da Paddy Hopkirk, sannan Roger Clark ya biyo su a cikin Lotus Cortina. Alƙalan gasar suka soke sakamakonsu gaba ɗaya, ba don wani laifi a inji ba, sai don ƙwan fitilarsu na halojin mai zare ɗaya ne, alhali motocin da ake sayarwa a kasuwa suna zuwa da ƙwai na gargajiya mai zare biyu, ɗaya na cikakken haske, ɗaya na dim. Aka miƙa nasarar ga Pauli Toivonen da ke tuƙa Citroën. Har yau masoya tsere ba su daina muhawara a kan adalcin wannan hukunci ba, amma ya isa ya nuna cewa fitila tana cikin abubuwan da ake ci ko a faɗi da su.

Ƙwan halojin na farko na mota, wanda ake kira H1, ya fito ne a 1962, mai zare biyun kuma, wato H4, sai a farkon shekarun 1970. Saboda haka motar da ta yi tsere a 1958 da ƙwai na gargajiya ta yi shi, mai haske ja-ja, kuma raunin wannan haske ne ya sa ake jera fitilu uku ko huɗu a gaba, wani lokaci har da guda a kan rufi wadda mai karanta wa direba hanya yake juyawa da hannu domin ya ga allon kwatance a mararraba. Kowace fitila da aikinta: ta hazo tana shimfiɗa haske a ƙasa da faɗi don kada hazo ko dusar ƙanƙara su dawo da shi idon direba, ta dogon zango kuwa tana cilla shi gaba kamar mashi. Bukatar motar da ke hawan duwatsun Alps cikin dare daban take da ta motar da ke sheƙa gudu a miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne a tseren awa 24 na Le Mans.

Su kansu kamfanonin da suka ƙera fitilun suna faɗa wa mai ido asalin mota. Motocin Ingila da yawa da Lucas suka yi aiki, na Italiya irin su Lancia da Carello, na Jamus da Hella ko Bosch, yayin da Cibié da Marchal na Faransa suka samu karɓuwa har a wajen ƙasarsu, ta yadda fitilar Cibié Oscar ta zama kusan tambarin motocin rali, wato tseren dogon zango irin na Monte Karlo, na wani zamani. Dokar Faransa kuma ta wajabta fitila mai ruwan ɗorawa tun daga ƙarshen shekarun 1930 har zuwa 1993. Na taɓa riƙe tsohuwar Marchal a hannuna, mai alamar kan baƙar kyanwa. Gilashinta kauri gare shi, an zana masa layuka a ciki waɗanda yatsa ke ji idan aka shafa, kwanon da ke mayar da haske kuma ya dusashe ta gefen ƙasa inda danshi ya kwanta shekaru. Irin wannan ana iya sake shafe kwanon a canja robar bakin gilashin ta dawo aiki, amma sau da yawa jefar da ita ake yi a sayo kwaikwayo mara nauyi.

Na san hujjar masu sa LED, wato cewa ba ta jan wuta da yawa, kuma ban raina ta ba. Dinamon Lucas C40, wato na'urar da ke cajin batir a ƙananan motocin Ingila na wancan zamani, amfiya 22 kawai yake bayarwa, fitilu huɗu masu wat 55 kuwa suna jan kusan 18, kafin a lissafa manyan fitilu da abin goge gilashi, don haka batir kan mutu a tsakiyar dare. Sai dai makanikan wancan lokaci sun san wannan matsala, kuma sun magance ta da waya mai kauri, da rile, wato makunnin da ke ɗaukar nauyin wuta, ga fitilun, daga baya kuma da altaneta. Wanda yake son shiga gasar motocin tarihi da ke ƙarƙashin FIA, wato hukumar tseren motoci ta duniya, ma dole ya bi ƙa'idojinta, waɗanda suka ginu a kan cewa mota ta kasance yadda take a zamaninta.

Roƙona ga masu wannan sha'awa shi ne su nemi hotunan motar a shekarar da ta yi tsere, su duba yawan fitilun da girmansu da inda aka ɗaura su, kafin su huda bamba ko bonet. Ku ma 'yan jarida, idan za ku buga hoton irin waɗannan motoci, ina fata ku riƙa tambayar mai motar shekarar fitilun da ke gabanta, ku rubuta amsar a ƙarƙashin hoton.

Na gode da ba ni dama.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum