Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Fafaroma Leo na 14: an rufe Ƙofa Mai Tsarki, bashi na nan daram

Uba Mai Tsarki,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya ƙara maka lafiya da ƙarfin ɗaukar kayan da aka ɗora maka. Ba zan ja ka da nisa ba.

Ran 6 ga Janairun 2026 ka rufe Ƙofa Mai Tsarki a Majami'ar Bitrus, Shekarar Jubili, wato shekarar gafara ta Ikkilisiyar Katolika, ta ƙare. Miliyoyin masu ziyarar ibada sun shiga ta ƙofar nan, an yi addu'a, an yi waƙoƙin yabo, kowa ya koma gida. Amma alkawarin da ya sa matalautan duniya suka kasa kunne, wato yafe bashin ƙasashen da ba su da halin biya, shekara ta zo ta wuce ba a cika shi ba. Raina a ɓace yake, shi ya sa na rubuto.

Ka fi ni sanin yadda maganar ta faro. A watan Mayun 2024, cikin takardar shelar Jubili, marigayi Fafaroma Francis ya roƙi ƙasashe masu arziki su yafe bashin da ba za a taɓa iya biya ba, ya ce wannan batun adalci ne tun kafin ya zama na karamci. Ya maimaita a saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya, 1 ga Janairun 2025. Ya kafa kwamiti kan batun bashin ƙarƙashin masana tattalin arziki Joseph Stiglitz da Martín Guzmán. Allah ya yi masa kira ran 21 ga Afrilu, rahoton kwamitin ya fito a watan Yuni, a zamaninka. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi taron Sevilla kan kuɗin raya ƙasashe, Amurka ta janye tun kafin a zauna, aka tashi da takarda mai daɗin karantawa. Ina rahoton nan yake yanzu, Uba? A kan teburin wa?

Hukumar kasuwanci da raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum biliyan 3.4 suna zaune a ƙasashen da kuɗin ruwan bashi ya fi abin da ake kashewa a kan lafiya ko ilimi. A 2024 kaɗai ƙasashe masu tasowa sun biya dala biliyan 921 na ruwa. Mu da muke zaune a kujerun majami'a mun san fuskar wannan lissafi. Ita ce mai naƙuda da aka kai asibiti ba magani, da malamin makaranta da wata ke ƙarewa ba albashi, da saurayin da ya gama karatu ya kama hanyar teku. Waɗannan ne muke durƙusawa tare da su ran Lahadi, kuma ba su ci kwabo cikin bashin ba.

Ba sabon abu muke nema ba, an taɓa yi. Fafaroma John Paul na 2 ya ɗaga maganar tun 1994. A 1998 mutum kimanin 70,000 suka riƙe hannun juna suka kewaye wurin taron manyan ƙasashe 8 a Birmingham, yawancinsu 'yan ikkilisiya. Takardar koken Jubili ta 2000 ta tara sa hannu sama da miliyan 20. Da matsin ya yi yawa, aka kai ga yarjejeniyar yafe bashi da manyan ƙasashen suka yi a Gleneagles a 2005, kuma jimillar abin da aka sauke wa ƙasashe fiye da 30 ta haura dala biliyan 100. Tanzaniya ta soke kuɗin makarantar firamare, yara suka cika azuzuwa. A lokacin limamin ƙaramar majami'a ma ya san maganar, yana wa'azi a kanta, ana sa hannu a bakin ƙofa bayan sujada. A 2025 fa? An yi gangami, na sani, Caritas, ƙungiyar agajin Katolika, ta yi iya ƙoƙarinta. Amma Kirista nawa ne ya ji kalmar bashi daga bagade a cikin shekarar nan gaba ɗaya? An gaya mana yadda za mu sami gafarar Jubili wa kanmu, aka bar rabin da ya shafi maƙwabci.

Alhali Littafi Mai Tsarki bai raba su ba. Littafin Firistoci sura 25 ya ce a shekara ta hamsin a mayar wa kowa gonarsa, a saki wanda talauci ya sa ya sayar da kansa. Maimaitawar Shari'a sura 15 ta sa a yafe bashi duk shekara bakwai. Wa'azin farko na Ubangijinmu a Nazarat shelar shekarar Jubili ce. Shi ne kuma ya ba da misalin bawan da aka yafe wa talanti dubu goma, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari ɗari. Amma wanda na fi so ka tuna shi ne Nehemiya. Da mutane suka kawo kuka cewa sun jinginar da gonaki, 'ya'yansu mata sun shiga bauta saboda bashi da harajin sarki, ya husata ƙwarai, ya tara manya da shugabanni ya faɗa musu ido da ido cewa abin da suke yi ba daidai ba ne. Ya ce a mayar da gonakin a ranar. Sa'an nan ya kira firistoci, ya sa manyan suka rantse a gabansu. Har kansa bai tsame ba, domin shi ma yana cikin masu ba da rance.

Na karanta wasiƙarka ta Oktoban 2025 kan ƙaunar matalauta, ta taɓa ni. Ka yi magana, ba na musu. Roƙona shi ne maganar ta sami adireshi. Yau babban kaso na bashin ba a hannun gwamnatoci yake ba, yana hannun kamfanonin zuba jari masu zaman kansu, kuma kusan dukkan takardun bashin ana shari'arsu ne a ƙarƙashin dokar New York ko ta Ingila. Majalisu biyu kacal za su iya hana mai bin bashi ƙin shiga sulhu ya tafi kotu neman kuɗinsa cif. An sha kawo ƙudurin a majalisar jihar New York, bai wuce ba. Ingila ta taɓa yin irin dokar a 2010, duniya ba ta tashi ba. Zambiya ta kasa biya a Nuwamban 2020, sai 2024 ta daidaita da masu takardun bashinta. Gana ma ta kasa biya a 2022, Habasha a 2023. Kowace shekarar jira, ɗan da ya kamata ya shiga aji ɗaya yana gida.

Kai ne Fafaroma na farko ɗan Amurka, haifaffen Chicago. Kai ne kuma wanda ya sauka Peru a 1985, ka zauna a Trujillo shekarun da kuɗin ƙasar ya zama takarda, ka ga kwalarar 1991 da idonka. Ka san labarin kamfanin Elliott, wanda ya sayi tsohon bashin Peru a kan dala miliyan 11 da ɗoriya, ya ja ƙasar a kotuna har ta biya shi miliyan 58 a 2000. Cikin aljihun mutanenka aka ciro kuɗin nan. Ba wanda zai ce maka ba ka san zancen ba, a kowane ɓangaren. Don Allah, Uba, don girman Wanda ka tsaya a madadinsa, kada ka bar wannan dama ta ruɓe a hannunka.

Na san akwai masu cewa shugabannin ƙasashen da kansu suka ci bashin suka cinye. Gaskiya ne sau da yawa. Bashin ɓoye na dala biliyan 2 a Mozambik ya isa shaida, ko da yake akwai bankunan Turai a ciki dumu-dumu. To ka tsawata wa ɓarayin su ma, musamman waɗanda ke zama a sahun gaba suna karɓar jibi, ka kuma gaya wa bishop-bishop su daina karɓar gudummawar da sun san asalinta. Akwai batun tallafin lafiya da aka yanke a 2025, akwai na'urori masu basira da ke barazana ga aikin matasa, wanda ka ambata tun kwanakinka na farko. Na bar su sai wani jiƙon.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka rubuta wa bishop-bishop na Amurka da na Ingila su tsaya a kan dokar nan da sunanta har ta wuce. Ka gayyato shugabannin kamfanonin da ke riƙe da takardun bashin, Katolika na cikinsu ba kaɗan ba ne, ka zauna da su ka tambaye su yadda Nehemiya ya tambaya. Ka sa a keɓe Lahadi guda a kowace ikkilisiya ta duniya a karanta Littafin Firistoci sura 25, a bayyana wa jama'a wa ke bin wa bashi da nawa. Ka kuma sa rana, ka faɗe ta a fili, wadda Fadar Vatican za ta gaya mana inda aka kwana da rahoton Yuni.

Ina yi maka addu'a, ina kuma jiran amsa.

Ɗanka cikin Almasihu,
wani ɗan ikkilisiya